Rigar Masunta da Labarin da Aka Saƙa Mata

Da zarar an gama sussukar dawa, iska ta juyo daga gabas ta fara busar da leɓe, masu gwanjo a kasuwar Beri sukan canza kaya. Rigunan shan iska su koma ƙasan buhu, a yanke igiyar sabuwar dila, a zube rigunan sanyi a kan leda. A cikin tulin ba a rasa wata riga mai kauri, fara ko ruwan madara, wadda aka yi wa ado da zaren jikinta: murɗaɗɗun igiyoyi sun gangaro daga kafaɗa, a tsakaninsu ga idanun taru, ga wasu ƙananan gidaje irin na saƙar zuma. 'Yan acaɓa na sonta saboda sammako, haka ma masu kawo busasshen kifi daga wajen Yawuri. A bakinmu sunanta suwaita, ko rigar sanyi, iyakarta ke nan. A can inda ta fito kuwa rigar masunta ce, tana da tarihi, kuma an saƙa mata wani labari wanda ya fi tarihin nata yin nisa a duniya.

Bahaushe ya tara ayyuka da yawa a cikin kalmar saƙa. Masaƙi a bakin masaƙarsa saƙa yake yi, matar da ke riƙe da kwarashi saƙa take yi, masuncin da ya zauna a inuwa yana gyaran taru shi ma haka. Sai kuma zuciya: mutum ya kwana yana saƙa da warwara, wani ya saƙa wa ɗan'uwansa da mugun zare. Saboda haka in na ce an saƙa wa rigar nan labari, ban fita daga hanyar harshenmu ba. Riga saƙa ce, labarinta ma saƙa ne, kuma kowace saƙa tana da hannun da ya yi ta. Hannun nan nake nema.

Asalin rigar ba fara ba ce, launin baba ne da ita mai duhu. Masuntan gaɓar Ingila da Sikotlan na ƙarni na 19 suna kiranta gansi, sunan da ake dangantawa da tsibirin Guernsey, a tekun da ya raba Ingila da Faransa. Maƙwabcinsa, tsibirin Jersey, shi ya ara wa jesin da yaranmu ke buga ƙwallo da ita suna. Mutanen tsibiran nan sun yi fice a saƙar ulu tun ƙarni na 16, har ta kai a farkon ƙarni na 17 hukumar Jersey ta hana saƙa a lokacin girbi, domin maza da mata sun bar gona sun rungumi zare.

Wanda ya ɗauki gansi ya duba ta a tsanake zai ga babu wani sashe nata da aka yi don banza. Da tsinkayen ƙarfe sirara ake saƙa ta, huɗu ko biyar, a zagaye, daga ƙugu har hammata. Babu ɗinki a jikinta, domin ta wurin ɗinki iska ke shiga, daga nan kuma riga ke fara yagewa. Zare biyar ake murɗewa wuri guda, a matse saƙar har ta yi tsauri kamar faifai, yadda iska ba za ta ratsa ba, feshin teku kuma ya daɗe bai kai ga fata ba. Ulu yana da wata baiwa da auduga ba ta da ita: yakan sha laima har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, amma bai fasa ɗumama mai shi ba. A hammata akan saƙa ɗan ƙari mai kusurwa huɗu, don mutum ya ɗaga hannu ya ja taru rigar ba ta tattare masa ba. Hannun rigar daga kafaɗa ake fara shi a gangaro, a tsaya kafin a kai wuyan hannu, kada ya jiƙe ya riƙa goge fata ko ƙugiya ta kama shi. Wannan farawa daga kafaɗa dabarar mai tattali ce: in bakin hannu ya cinye, sai a warware iyakar inda ya lalace a sake saƙa sabo, riga ɗaya ta yi shekaru ana moriyarta. Galibi gaba da baya iri ɗaya ne, masuncin da ya tashi cikin duhun asuba ba ya bukatar neman wuya. Adon ma a ƙirji ya fi yawa, domin yana ƙara kauri a inda sanyi ke dukan mutum. Wasu matan sukan saƙa haruffan farko na sunan mijin ko ɗan a saman ƙugu.

Wannan shi ne harshen rigar na gaskiya, harshen aiki. Matar da ta saƙa ta ta san yadda mijinta ke ɗaga hannu, ta san inda rigarsa ke fara ci, ta kuma san kuɗin zare.

Adon yana da sunaye, kuma daga rayuwar bakin teku aka ɗebo su: tsani, igiya, anga, ƙashin kifi, idon taru. Amma bai zauna wuri ɗaya ba. Kowace shekara dubban mata daga Sikotlan kan bi jiragen da ke kamun kifin herin, suna gangarowa kudu tasha bayan tasha har Great Yarmouth da Lowestoft, suna feɗe kifi suna jera shi da gishiri cikin ganguna. Cin rani ne sosai, kuma ya kai ƙololuwarsa a 1913. In jirage ba su iso ba, matan nan ba sa zama hannu rabbana, suna tafe suna hira suna saƙa. Wadda ta ga ado mai kyau a ƙirjin wani a Whitby ko Filey sai ta riƙe shi a ka, ta kai gida. Shi ya sa maganar da ake yi cewa kowane gari da adonsa rabin gaskiya ce. Akwai adon da aka fi so a wani gari, domin 'ya daga uwa take koyo, amma babu wanda ya taɓa yi wa ado shinge.

Farar rigar da muke gani a gwanjo ƙanwar gansi ce, kuma yarinya ce a tarihi. Gidanta tsibiran Aran, guda uku, a bakin gaɓar Galway da ke yammacin Ailan, ƙasa mai duwatsu inda masunta ke shiga teku da jiragen da aka lulluɓe da tamfol mai kwalta. A 1891 gwamnatin Birtaniya ta kafa wata hukuma don rage talaucin yankunan yammacin Ailan, ta kawo masunta da mata masu gyaran kifi daga wasu wurare don koyar da sana'a, gansi ta shigo tare da su. Matan Aran suka karɓa, suka koma yi da farin ulun da ba a rina ba, mai kauri, suka cika jikin rigar da ado daga wuya har ƙugu. Wannan sauyi na matan Aran a farkon ƙarni na 20 ya faru. Fararen na farko ma ba don teku aka saƙa su ba, kwalliyar yara maza ce ta ranar bikin coci. A 1930 wata mata mai suna Muriel Gahan ta buɗe shagon sayar da aikin hannun mutanen karkara a birnin Dabilin, daga baya ta fara karɓo rigunan Aran. Kasuwa ta buɗe sosai a 1961, lokacin da mawaƙan nan 'yan gidan Clancy da abokinsu Tommy Makem suka fito a talabijin ɗin Amurka, a shirin Ed Sullivan, sanye da fararen rigunan da mahaifiyar 'yan gidan Clancy ta aiko musu saboda sanyin New York.

Tare da kasuwa labari ya zo. Aka ce kowane gida a Aran yana da adonsa da ya gada tun kaka da kakanni, wanda babu mai taɓa masa. Aka ce in teku ya ci masunci, bayan kwanaki ya amayo shi fuska ta lalace, da adon rigarsa ake gane ɗan gidan wane ne. Aka ba kowane ado fassara: igiya fatan sa'ar kamu, saƙar zuma ladan wahala, tsani hanyar aljanna. Wani mai shagon zare a Oxford, haifaffen Jamus, Heinz Kiewe, wanda ya ga rigar a Dabilin a 1936, ya rubuta littafi a 1967 yana danganta adon da zanen tsofaffin littattafan addini na Ailan, na fiye da shekara dubu. Har yau akwai shagunan da za ka faɗi sunan zuri'arka su miƙo maka rigar da suka ce ta gidanku ce, da takardar shaida.

Masu bincike sun bi sawu ba su sami tushen wannan ba. Richard Rutt, wani limamin coci a Ingila da ya rubuta tarihin saƙar hannu a 1987, yana cikin waɗanda suka warware zancen. Tsofaffin hotunan mutanen Aran ba su nuna farar rigar ba, kuma babu shaidar an taɓa gane wata gawa da adon zuri'a. Abin da ake ganin shi ne mafarin labarin wani wasan kwaikwayo ne na John Millington Synge, Riders to the Sea, wanda aka fara nunawa a 1904. A nan nake so mu ɗan zauna, domin abin da ke cikin wasan ya fi labarin 'yan kasuwa nauyi.

An tsinci gawar wani mutum can nesa a arewa, an binne shi, an aiko da guntun rigarsa da safa guda ɗaya ga wani gida da ɗansu ya ɓace a teku. 'Yan'uwansa mata biyu suka kwance ƙullin a ɓoye, kada uwarsu ta gani. Guntun rigar bai raba gardama ba, domin yadin kanti ne, mutum nawa ne suka yanki irinsa. Sai ƙaramar ta ɗauki safar ta ƙirga idanun saƙar. Ita ta saƙa ta, ta tuna da ido nawa ta fara, ta tuna guda huɗun da ta rage. Nan ta tabbata yayanta ne. Babu adon zuri'a a nan, babu tambarin gida, kuma ba riga ba ce ma, safa ce mara ado. Abin da ya shaida mamacin shi ne hannun ƙanwarsa.

Wannan kuwa mun san shi, ba sai an fassara mana ba. Tumakinmu, uda da balami da 'yankasa, gashi gare su ba ulu ba, don haka zaren da matanmu ke saƙa kayan jarirai da shi na kanti ne, ko da yake ulu muke ce masa. Ranar wani suna a nan Beri na ga wata gwaggona ta ɗauki hular jariri daga cikin kayan barka, ta juya cikinta waje, ta ambaci sunan matar da ta saƙa ta, alhali matar tana wata unguwa kuma ba ta zo ba. Na ce, "Gwaggo, zaren nan ai kowa shi yake saya, ta yaya kika gane?" Ta miƙo mini hular ta ce, "Ɗan nan, duba inda ta ɓoye bakin zaren. Ita kaɗai ke mayar da shi baya sau biyu, kuma ka ga yadda take matse baki, tun tana budurwa haka hannunta yake." Masunta ma haka suke. In ruwa ya janye wa mutum tarunsa na kalli ya kai shi wata tunga, ba ya bukatar rantsuwa. Zai nuna facin da ya yi da hannunsa, da yadda ya naɗe dalma, da gutsattsarin tsohon silifas da ya ɗaura don kallin ya taso. Mai ɗinkin hula yakan hango aikinsa a kan wani a sahun masallaci. Muna cewa wannan hannun wane ne, kuma ba ƙashi da tsoka muke nufi ba.

Abin da 'yan kasuwa suka ƙirƙira wa mutanen Aran, wato alamar da ke faɗin gidan mutum ko bakinsa ya mutu, mu mun taɓa mallakarsa da gaske, sai dai ba a riga muka sa shi ba, a fuska muka sa shi. Wanzami ne marubucinsa. Tsagar Kabawa daban, ta Gobirawa daban, ga bille, ga kalangu, ga 'yar baka, ga fashin goshi. A ƙasar nan tamu, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa wa sarauta a Kontagora cikin ƙarni na 19, wancan zamani ne na yaƙi da kame da watsewar iyali, kuma askar da ke kumatu ta sha mayar da ɓatacce ga danginsa bayan shekaru. Yanzu tana ƙarewa, ba kuma zan yi kukan ƙarewarta ba, jariri ya huta da aska. Amma ta nuna mana yadda alamar zuri'a take in ta gaskiya ce: kowa a gari ya iya karanta ta, ba sai mai shago ya ba ka takarda ba.

Ban ga laifin waɗanda labarin ya kama zuciyarsu ba. Tsoron da ke ƙarƙashinsa na gaske ne, kuma duk mai zama kusa da babban ruwa ya san shi. A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja zuwa Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya tsage a tsakiyar ruwa, rahotannin lokacin suka ce mutum fiye da 150 sun ɓace. Allah ya jiƙansu. Mutane sun yi kwanaki a bakin gaɓa suna jiran abin da ruwa zai dawo da shi. Wanda ya taɓa tsayuwa irin wannan ya san ba mutuwar kaɗai ke cin rai ba. Akwai son a ga mutum, a kira sunansa, a yi masa sutura, a san inda kabarinsa yake. Labarin da ya yi alkawarin cewa ruwa ba zai iya shafe sunanka ba dole ya sami masu saurare.

Inda nake ganin ɓarnarsa shi ne abin da ya ƙwace. Matan Aran, a cikin shekaru kaɗan, da talauci da fitilar aci-bal-bal, sun ƙirƙiro wani abu da duniya ba ta taɓa gani ba. Suna leƙen aikin juna a coci ranar Lahadi, kowace ta koma gida ta gwada ta ƙara nata. Labarin ya ɗauke wannan basira daga hannunsu ya miƙa wa wasu kakanni da ba a san su ba, ya mayar da masu ƙirƙira masu kwafi. Sai ka ce abu ba ya daraja sai ya shekara dubu. Kuma da zarar an ce ma'ana a cikin adon take, ba a hannu ba, to inji ma ya iya ado. Mafi yawan abin da ke fitowa daga dila yau inji ne ya saƙa shi, da zaren roba, igiyar da idon tarun duk suna nan, hannu ne kawai babu.

Mu ma muna da kayan da wannan zai iya faɗa wa. Babbar riga tana da aska biyu da aska takwas, tana da tambari, tana da dagi. Huluna kuwa sunayensu a titi ake raɗa musu: zanna bukar, damanga, tangaran, minista, mu haɗu a banki. Ina son sunayen nan domin ba sa ɓoye shekarunsu. Wanda ya ji mu haɗu a banki ya san an yi ta ne bayan zuwan banki, ya san akwai wani mai barkwanci da ya fara faɗa, kasuwa ta ɗauka. Ranar da hular nan ta sami masu saye a ƙetare, za a sami wanda zai rubuta cewa kowane zane a jikinta sirri ne na zamanin Bayajida, kuma za a saya. Can sama a kogin nan namu na Kwara, a Masina ta ƙasar Mali, akwai tumaki masu ulu na gaske, matan Fulani na kaɗa zaren, masaƙan da ake kira Maabuuɓe na saƙa bargon kaasa, wanda fatake suka kai har fadar Asante. Barguna irin waɗannan suna rataye a gidajen tarihi na Turai, an rubuta ƙabila da yanki a ƙarƙashinsu, sunan masaƙin kuwa da wuya ka gan shi.

Abin da ya ceci gansi daga ɓacewa ba labari mai daɗi ba ne, ƙafa ce da alƙalami. Wata mata, Gladys Thompson, ta bi garuruwan masunta ɗaya bayan ɗaya, ta zauna da tsofaffin mata, ta ƙirga idanun saƙarsu, ta rubuta sunan ado yadda suka faɗa da bakinsu, ta fitar da littafi a 1955. Da shi masu saƙa ke aiki har yau.

Namu aikin yana nan yamma da mu, tafiyar yini ba ta kai ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum kimanin 44,000. A daidai zamanin ne kuma zaren nailan ya kori tarun da ake saƙawa da rama da sauran zaruruwan gida. Sarkawa da Gungawa da suka yi irin wannan taru kafin canjin, waɗanda suka murza igiya a cinya suka saƙa taru tun daga idon farko, yanzu duk sun tsufa. Su suka san sunan kowane ƙulli, da ido mai yatsa nawa ke kama falia, mai yatsa nawa ke tsayar da giwan ruwa, da abin da masunci ke yafawa in zai kwana a jirgi cikin hunturu kafin gwanjo ya iso. Ɗaliban Hausa da ke karatun malanta a Kontagora suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa kowace shekara. Motar Yawuri tana tashi kullum daga tasha. Wanda ya je ya tafi da na'urar ɗaukar murya, ya nemi izinin Sarkin Ruwa, ya tambayi sunan ƙullin, ya tambayi wanda ya koya wa tsohon, sa'an nan ya rubuta sunan tsohon da na tungarsa a saman shafi.